Giya da Awon Magana a Bakin Masu Sifaniyanci

A ƙasar Sifen, idan jami'an tsaron hanya suka tsayar da direban da suke tuhuma da shan giya, ba sa wadatuwa da na'urar busawa kaɗai, wadda doka ta yanka mata iyakar miligiram 0.25 a kowace litar numfashi, daidai da giram 0.5 a litar jini. Akwai kuma takardar alamomin zahiri da suke cikewa, inda ake rubuta yadda idanun mutum suke, da warin bakinsa, da tafiyarsa, da yadda magana take fita daga bakinsa. A wannan gurbi na ƙarshe, lafazin da ya fi yawo a takardun kotu shi ne "habla pastosa", wato maganar da harshe ya yi nauyi a cikinta har kalmomi suka cuɗe. Takardar nan kuwa ba ado ba ce, domin sashe na 379 na kundin hukunta laifuffuka na ƙasar ya buɗe ƙofa biyu: wanda awonsa ya haura miligiram 0.60 a numfashi, ko giram 1.2 a jini, laifi ya hau kansa ba tare da an nemi wata hujja ba. Wanda kuwa bai kai nan ba, ana iya kama shi da laifin tuƙi cikin maye in an tabbatar cewa abin da ya sha ya taɓa iyawarsa, kuma a nan ne abin da kunnen ɗan sanda ya ji yake hawa mizanin alƙali, alhali hukuncin na iya kaiwa ga ɗaurin wata 3 zuwa 6, da hana tuƙi na sama da shekara 1 har zuwa shekara 4.

Mas'alar da nake nufin tattaunawa ita ce, mene ne haƙiƙanin abin da kunne yake ji sa'ad da ya yanke cewa wane ya sha, kuma shin abin da aka gano a bakin masu Ingilishi da Jamusanci, waɗanda a kansu aka yi gwaje-gwajen da suka fi shahara, ya halatta a ɗauko shi ɗungurungum a aza wa masu Sifaniyanci, harshen da mutum kusan miliyan 500 suka tashi da shi, tun daga Madrid har Meksiko da Ajantina. Abin da na tsaya a kansa shi ne, babbar ɓarnar giya a magana ɓarnar lokaci ce, wato tsawon kowane sauti da tazarar da ke tsakaninsa da ɗan'uwansa. Kuma da yake kowane harshe da irin nasa rabon lokacin, alamar maye ba za ta fito a wuri ɗaya a dukkan harsuna ba. Saboda haka murya ƙarina ce mai ƙarfi idan aka gwada mutum da kansa, amma shaida ce mai rauni ainun idan aka gwada shi da wani.

Danganta maye da magana ba baƙon abu ba ne ga wanda ya yi karatun zaure. Aya ta 43 ta Suratun Nisa'i ta rataya hanin kusantar salla a kan rashin sanin abin da mutum yake faɗa. Da malaman fiƙihu kuma suka zo iyakance wane ne wanda ya bugu, Imam Abu Hanifa ya tsananta sharaɗi har ya ce sai wanda ba ya rarrabe sama da ƙasa, amma almajiransa biyu, Abu Yusuf da Muhammadu Shaibani, suka tafi a kan cewa shi ne wanda sambatu ya rinjayi zancensa. Sai dai ma'aunin nasu duka na ma'ana ne, suna duban ko zance ya haɗu ko ya warwatse. Masana furuci na wannan zamani sun sauko da mas'alar daga ma'ana zuwa lafazi, suna neman abin da ke aukuwa ga harshe da leɓɓa tun kafin hankali ya gushe, a lokacin da mutum yake kawo zance sarai mai ma'ana amma awonsa ya fara karkata. Wanda ya san tajwidi ba zai sha wuyar gane wannan ba, domin ya san maddi da haraka ake auna shi, kuma mai karatu na iya fitar da kowane harafi daga mafitarsa amma ya yi lahani, don ya ja abin da ba a ja, ko ya taƙaita abin da ake ja.

Furta gaɓa guda kamar "pa" yana bukatar leɓɓa su rufe, iska ta taru a bayansu, su buɗe, tantanin maƙwallato ya soma karkarwa, harshe kuma ya riga ya isa mazaunin wasali, duk a cikin abin da bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na sakan ba. Shi ya sa ma'abota wannan fanni ba sa awo da sakan, sai da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Babban mai daidaita wannan jerin motsi shi ne ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke can ƙeya, wadda likitoci ke kira serebelum, ita ce kuma wadda Santiago Ramón y Cajal, likitan Sifen da ya sami lambar Nobel a 1906, ya zana ƙwayoyinta dalla-dalla tun 1888, sa'ad da yake aiki a Barcelona a kan ƙwaƙwalwar tsuntsaye. Giya tana ƙarfafa aikin sinadarin GABA mai kwantar da saƙon jijiyoyi, tana kuma raunana aikin gulutamet mai zaburar da shi, serebelum kuwa na cikin sassan da suka fi saurin jin wannan a jika. Saboda haka ne tangaɗin ƙafa da nauyin harshe suke zuwa tare, tun da tushensu ɗaya ne. A 1969 Darley da Aronson da Brown, na asibitin Mayo a Amurka, sun siffanta maganar majinyatan da cuta ta taɓa musu wannan sashe, suka lissafa jinkiri, da tsawaita sauti, da rugujewar furuci jefi-jefi, da kuma danna kowace gaɓa da ƙarfi iri ɗaya. Mai karatu ya riƙe wannan siffa ta ƙarshe, domin za ta yi mana amfani nan gaba.

Su kuma gwaje-gwajen da aka yi da lafiyayyun mutanen da aka shayar a ɗakin bincike, sakamakonsu ya yi kusa da wannan. Lester da Skousen sun ba da rahoto a 1974 cewa a bakin masu Ingilishin da suka bugu baƙaƙe suna tsawaita, "s" yana komawa "sh", sautin "c" kuma yana rasa tsayawar da ke farkonsa. A 1989 David Pisoni da Christopher Martin, na Jami'ar Indiana, sun ɗauki muryar maza sau biyu, da farko garau, sannan bayan giyar jininsu ta kai giram 1 a lita ko fiye, suka tarar jimloli sun ƙara tsawo, hawa da saukar murya kuma sun ƙara rashin daidaito. Abin da ya fi muhimmanci a wurina cikin aikin nasu shi ne gwajin sauraro: da aka jera wa masu sauraro jimla guda daga bakin mutum guda sau biyu, aka ce su nuna wadda aka faɗa cikin maye, sun dace a kusan uku cikin huɗu, da aka riƙa ba su jimla ɗai-ɗai ba tare da abokiyar gwami ba, dacen bai kai biyu cikin uku ba, kuma 'yan sandan jihar Indiana da aka sa cikin gwajin ba su ɗara ɗalibai ba sai da kaɗan. Wanda ya yi canki kawai zai dace a rabi, saboda haka a dubi ƙanƙantar tazarar.

A shekarar ce kuma mas'alar ta fita daga ɗakin bincike ta shiga duniya. Daren 24 ga Maris, 1989, jirgin dakon mai Exxon Valdez ya hau dutse a gaɓar Alaska, ya zubar da ɗanyen mai galan kusan miliyan 11, kuma ba a ɗebi jinin matuƙinsa, Joseph Hazelwood, ba sai bayan kusan sa'a 10. Hukumar binciken haɗurra ta Amurka ta miƙa faifan maganganunsa na rediyo, na kafin haɗarin da na bayansa, ga masanan Indiana, su kuma Johnson da Pisoni da Bernacki suka buga sakamakon a 1990: maganarsa dab da haɗarin ta fi ta sa'a 33 kafin nan jinkiri, "s" ɗinsa ya karkata zuwa "sh", kuma waɗannan sun dace da abin da giya ke haifarwa, amma suka yi adalci suka ja kunne cewa gajiya da firgita da yanayin faifan suna iya shiga ciki. Kotu ta wanke shi daga tuhumar tuƙi cikin maye a 1990. Ko a wannan shari'a, inda aka sami muryar mutumin ta lokuta daban-daban don gwami, iyakar abin da ilmi ya iya faɗa shi ne alamun sun dace da maye, bai ce sun tabbatar da shi ba.

To, duk wannan a Ingilishi aka yi. Sifaniyanci kuwa tun da daɗewa ake ajiye shi a ɗaya gefen mizani. Arthur Lloyd James ya raba harsuna gida biyu a 1940, masu taku irin na harbin bindiga mai sarrafa kanta da masu taku irin na saƙon wayar Morse; Kenneth Pike ya zo a 1945 ya raɗa musu suna, ya ce Ingilishi yana daidaita tazarar da ke tsakanin gaɓoɓin da ake dannawa, Sifaniyanci kuwa yana ba kowace gaɓa rabo kusan ɗaya; David Abercrombie kuma ya game hukuncin a 1967, ya sa Faransanci da Yarbanci a rukunin gaɓa, Larabci da Rashanci a rukunin danni. Da aka zo da na'ura, da'awar ba ta tsaya yadda aka faɗe ta ba. Hasali ma Tomás Navarro Tomás, wanda littafinsa na furucin Sifaniyanci ya fito a Madrid a 1918, ya riga ya auna wasulan harshen a 1916 da 1917, ya ga tsawonsu yana sauyawa gwargwadon danni da mazauninsu a kalma. Rebecca Dauer ce ta warware ƙullin a 1983, da ta nuna cewa tazarar danni a Ingilishi ba ta fi ta Sifaniyanci daidaito ba, kuma abin da kunne ke ji a matsayin bambancin taku ya samo asali ne daga ƙirar harsunan: fiye da rabin gaɓoɓin Sifaniyanci baƙi ne da wasali kawai, kuma wasulansa biyar ba sa narkewa idan ba a danna su ba, saɓanin Ingilishi da ke cunkusa baƙaƙe ya kuma murƙushe wasalin da ba a danna ba har ya kusa ɓacewa. A kan wannan ne Ramus da Nespor da Mehler suka gina ma'auninsu a 1999, na lissafa kason lokacin da wasula ke ci a cikin jimla da yadda tsawon jerin baƙaƙe ke bambanta, Sifaniyanci ya faɗo tare da Italiyanci da Faransanci da Katalanci, nesa da Ingilishi da harshen Holan.

Daga nan ne hujjata ta farko take fitowa. Idan giya, ta hanyar serebelum, tana tura mai magana ga daidaita gaɓoɓinsa da danna su bai-ɗaya, to a Ingilishi wannan zai fito fili, domin harshen ya ginu ne a kan babban rata tsakanin gaɓar da aka danna da wadda aka murƙushe, kuma duk abin da ya rage ratan nan kunne zai kama shi nan take. A Sifaniyanci ratan dama can ƙarami ne, don haka matsawa zuwa daidaito matsawa ce zuwa inda harshen yake zaune tun asali, kuma ma'aunin da aka ƙera don kama wannan a Ingilishi zai iya wucewa ta kan mashayin Madrid bai ga kome ba. Abin da ya cancanci a nema a wurinsa kishiyar wannan ne, wato rashin daidaito: gaɓoɓin da a da suke biye da juna kusan tsawo ɗaya, yanzu wata ta miƙe wata ta tsuke ba bisa ƙa'idar danni ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a harshen da danni ke rarrabe ma'ana, inda "término" iyaka ce, "termino" ina gamawa, "terminó" kuma ya gama, alhali tsawon gaɓa na cikin abubuwan da mai sauraro ke dogara da su wajen gane wadda aka danna.

Sai batun sauri, wanda shi ne alamar da aka fi yarda da ita, shi ne kuma aka fi yi wa gurguwar fahimta. A binciken da Pellegrino da Coupé da Marsico suka buga a 2011, masu Sifaniyanci suna karanta gaɓa 7.82 a sakan, masu Ingilishi 6.19, ma'ana, Basifane na iya rasa kashi ɗaya cikin biyar na saurinsa amma har yanzu bai sauko ƙasa da Baturen Ingila mai garau ba, saboda haka babu wani adadi guda da za a kafa a ce duk wanda ya gaza shi ya sha. Bayan haka, Frieda Goldman-Eisler ta Jami'ar Landan ta koyar tun 1968 cewa sauri iri biyu ne, akwai saurin zance gaba ɗaya, wanda ake lissafawa har da shiru, akwai kuma saurin gaɓoɓin furuci tsantsa, wanda ake cire shiru daga cikinsa, kuma mafi yawan abin da muke ji a matsayin jinkiri daga yawan wakafi yake zuwa. Rarrabewar tana da amfani a nan, domin wakafi mai tsawo yana nuni ga wahalar tsara zance, tsawaitar sautin kansa kuwa yana nuni ga nauyin gaɓoɓi, giya kuma tana taɓa duka biyun amma ba lalle da gwargwado ɗaya ba. Sai dai Sifaniyanci yana dagula wannan rabo, domin yawancin kalmominsa da wasali suke ƙarewa, kuma al'adar masu shi ce idan suna laluben kalma, maimakon su yi shiru, su ja wasalin "que" ko "de" ko "y" har sai kalmar ta zo, ko su cike gurbin da "este" da "pues" da "o sea". Mai awon da ya ƙidaya shiru kaɗai zai rubuta wannan jan a babin nauyin harshe, alhali kuwa wakafi ne da aka yi shi da murya.

Hatta ƙidayar gaɓoɓin tana da nata ruɗanin. A zancen yau da kullum wasalin ƙarshen kalma yana haɗewa da na farkon ta gaba, "para" ya koma "pa", "cansado" ya koma "cansao", ba tare da kowa ya sha kome ba. In aka ƙidaya gaɓoɓin da ke rubuce, wanda ya haɗiye rabin kalmominsa zai fito a matsayin mai sauri, in kuma aka ƙidaya waɗanda aka ji, ya fito a matsayin mai jinkiri. Dole mai bincike ya faɗi wanne ya bi.

Tsawon wasali shi kaɗai ba ya rarrabe kalma da kalma a Sifaniyanci, ba kamar Hausa ba, inda jan wasali ɗaya ke raba garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo. Don haka wasalin Basifane yana da filin miƙewa ba tare da ma'ana ta taɓu ba, kuma babu abin da ke tilasta masa ya tsare shi. Inda harshen ya ƙuntata lokaci ƙwarai shi ne wajen "r" guda biyu, kuma a nan nake ganin ya kamata mai bincike ya fi daɗewa. Tsakanin wasula biyu, "pero" amma ne, "perro" kuwa kare. "Caro" mai tsada, "carro" abin hawa. Bahaushe ya san irin wannan rabo tsakanin bara mai yi wa ubangida hidima da barar almajiri, ko da yake ra-kaɗe ɗin Hausa ba daidai yake da na Sifen ba. Na farkon, ra-kaɗe na "pero", bugu ɗaya ne na tsinin harshe a hanƙa, wanda bai wuce milisakan 20 zuwa 30 ba. Na biyun, ra-gare na "perro", bugu biyu ne ko uku a jere, kuma abin sha'awa game da shi shi ne ba tsokar harshe ce ke yin kowane bugu ba: mai magana yana ajiye tsinin harshe ne a wuri takamaimai, da tauri daidai gwargwado, ya danne gefunansa kada iska ta zurare, sannan iskar da kanta ta riƙa buɗe shi tana rufewa. Maria-Josep Solé ta Barcelona ta nuna a 2002 cewa da zarar an rage matsin iskar cikin baki kaɗan, garawar sai ta mutu. Wannan ne ya sa shi ne sautin da yaran Sifen ke iyawa a ƙarshe, galibi sai sun kai shekara 5 ko 6, kuma a ƙiyasi sautin da ke da ƙuncin sharaɗi haka shi ne zai fara faɗuwa idan mai daidaita motsi ya yi rauni. Amma ko a nan akwai tarko, domin awon da aka yi a kare-karen harshen da dama ya nuna cewa masu garau ma sukan furta ra-gare da bugu ɗaya ko da gogar iska kawai, su bar tsawo ya riƙe bambancin. Ashe abin aunawa ba adadin bugu ba ne, ratan tsawo ne tsakanin "r" ɗin "pero" da na "perro" a bakin mutum guda, da yadda ratan ke tsukewa ko yake rawa bayan an sha.

Haka nan sha'anin "p" da "b". Lisker da Abramson sun auna harsuna 11 a 1964, suka sami cewa a Sifaniyanci murya tana farawa kimanin milisakan 4 bayan leɓɓa sun buɗe a "p", alhali a Ingilishi sai bayan milisakan 58. "B" na Sifaniyanci kuwa muryarsa tana farawa tun sama da milisakan 100 kafin buɗewar. Ke nan "p" na Basifane yana zaune ne a bakin iyaka, kuma ɗan sakacin da zai bar murya ta zarce cikin rufewar leɓɓa ya isa ya karkata shi zuwa "b". Sai dai mutanen tsibiran Kanari da na Kuba suna yin hakan tsakanin wasula a zancensu na kullum, har a Madrid ma ana jin sa a hira ta sakewa.

Wannan ya kawo mu ga babbar shubuha. Kusan duk alamar da aka lissafa wa maye a Ingilishi, akwai lardin da ita ce daidaitaccen furucinsa a Sifaniyanci. Zubar da tsayawar "c", wanda Lester da Skousen suka gani a bakin mashaya, shi ne yadda ake faɗin "muchacho" a Cádiz da Panama da arewacin Meksiko, a ce "mushasho". "S" na tsakiya da arewacin Sifen da tsinin harshe ake yin sa, kuma ga kunnen baƙo yana kama da "sh". Musanya "r" da "l" a ƙarshen gaɓa ɗabi'ar Puerto Rico ce, inda "puerta" ke zama "puelta", a Andalus kuma akasin haka, "alma" ya zama "arma". Mayar da "s" na ƙarshen gaɓa "h" ko zubar da shi ya game Andalus da Kanari da ƙasashen Karibiyan, yana kuma sauya tsawon gaɓar da ya fita daga cikinta. Ra-gare kansa a Kosta Rika da tsaunukan Andes ba a gara shi, gogar iska ake yi. In aka tuna cewa Sifen a yau tana ɗauke da miliyoyin baƙi daga Kolombiya da Benezuwela da Ekwado da sauransu, za a ga yadda jami'in da ya tashi a Burgos zai iya jin nauyin harshe a bakin direban da iyakarsa yana magana ne irin ta garinsu, balle in tsoro da gajiyar dare sun haɗu a kansa.

Ibn Rushd na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1198 bayan ya yi alƙalanci a wannan ƙasa ta Andalus, ya kawo a cikin Bidayatul Mujtahid saɓanin malamai game da warin giya: Imam Malik yana ganin haddi na tabbata da shi idan adilai biyu suka shaida, Imam Shafi'i da Abu Hanifa kuwa ba su yarda ba, saboda wari na iya kama da wari, haddi kuma ana tunkuɗe shi da shubuha. Ina ganin murya ta fi wari cancantar wannan taka-tsantsan, domin wari aƙalla daga abin da aka sha yake fitowa, jinkirin magana kuwa ƙofofinsa da yawa: rashin barci, da magungunan kwantar da hankali, da saukar sukarin jini, da farkon shanyewar jiki, da bugun kai a haɗarin da ake binciken kansa.

Mai ja zai ce kunnen ɗan Adam ne ke ruɗuwa, na'ura ba ta san lardi ba. Amsarsa tana Munich, inda Florian Schiel da abokan aikinsa suka tara muryoyin Jamusawa 162, kowanne garau da kuma bayan ya sha, aka ɗauke su a cikin mota don ya yi kama da halin tuƙi. A 2011 aka sa wannan taska gasa a taron Interspeech na birnin Florence, aka nemi manhajojin kwamfuta su rarrabe wanda ya haura giram 0.5 da wanda bai haura ba. Wadda ta zo ta ɗaya ta dace ne a kimanin 70 cikin 100, kuma ta kai nan ne ta hanyar daidaita awon kowane mai magana da nasa ma'aunin. Wato ita ma na'urar sai da ta koma ga gwada mutum da kansa, kuma manhajar da ta koyi maye daga Jamusanci, harshe mai dogayen wasula da gajeru da cunkoson baƙaƙe, babu dalilin da zai sa a amince mata a kan Sifaniyanci kafin a jarraba ta a kansa.

Ko gwada mutum da kansa ɗin ma yana da sharuɗɗa. Karatun rubutu da zancen ka ba sa bayyana abu ɗaya, domin na farko ya ɗauke wa mutum nauyin tsara magana, sai a ga aikin gaɓoɓi tsantsa, na biyun kuwa ya haɗa duka. In aka gwada karatun safiya da hirar dare, an gwada abubuwa biyu mabambanta. Sannan Edward Mellanby ya lura tun 1919 cewa a adadin giya guda a jini, raunin ya fi tsanani lokacin da take hawa a kan lokacin da take sauka, jiki kuwa yana ƙona kimanin giram 0.15 a lita cikin kowace sa'a, don haka faifan da aka ɗauka minti 40 bayan kofin ƙarshe da wanda aka ɗauka bayan sa'a 3 ba za su ba da labari ɗaya ba ko da na'urar busawa ta nuna lamba iri ɗaya. A ƙarshe akwai bambancin mutane, wanda Harry Hollien da abokan aikinsa na Jami'ar Florida suka nuna a 2001: a jimlace murya ta ƙara sama, lokacin karatu ya ƙaru, tuntuɓen harshe kuma ya fi kome ƙaruwa yayin da maye ke hawa, amma kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda aka shayar ba su bi wannan hanya ba, wasu ba su sauya ba, wasu ma sun sauya ta kishiyar fuska. Waɗannan mutane giyar tana cikin jininsu kamar kowa, amma duk wani ma'auni na murya, ko na kunne ne ko na kwamfuta, zai sallame su a matsayin waɗanda ba su sha ba.